Don Idon Wa Ake Ɗinka Kayan Cikin 'Ya'yanmu?

Maganar da na ɗauko a wannan wata magana ce ta kunya, irin wadda namiji ba ya yi a bainar jama'a, balle malamin makaranta wanda iyaye suka danƙa wa amanar 'ya'yansu. Saboda haka ina roƙon iyayenmu mata da dattawa su yi mini aikin gafara. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Magana ce a kan kamfai da singileti da rigar mama da ake sayarwa don ƙananan yara mata a kasuwanninmu.

Duk wanda ya ratsa kasuwar Nima ko Makola a nan Ankara, ko Kejetiya a Kumasi, musamman in Salla ta gabato, zai ga masu tire da masu baro sun baza kayan cikin yara dozin-dozin. Mafi yawansu ba su da laifin komai: farare ne ko masu hoton fure da ɗan tsuntsu. To amma in mutum ya tsaya ya duba da kyau, zai ga waɗansu a tsakiyarsu waɗanda ɗinkinsu na manyan mata ne sak, an dai rage girmansu ne kawai. Akwai rigar mama mai soso a ciki wadda ba za ta shiga jikin kowa ba sai 'yar shekara bakwai ko takwas. Akwai kamfai na leshi shara-shara, baƙi ko ja, akwai kuma mai rubutun Turanci. Ni uban 'ya'ya mata uku ne, kuma na yi shekara ashirin da 'yan kai ina koyarwa, galibi a aji biyar da aji shida na firamare, don haka ba daga nesa nake hango abin ba.

Wannan rigima ba a nan ta fara ba, can inda ake zana kayan ta fara. A shekarar 2002 wani kamfanin tufafi na Amurka mai suna Abercrombie & Fitch ya fitar da wani irin kamfai mai siririyar igiya don yara mata, aka buga masa kalmomi a jiki waɗanda ma'anarsu ita ce "alawar ido". Iyaye suka yi ca a kan kamfanin. A Ingila kuwa, a shekarar 2008 aka kama kantin Tesco yana sayar da rigar mama mai soso ta 'yan shekara bakwai zuwa takwas. Bayan shekara biyu, a watan Afrilu na 2010, sai ga kantin Primark da kayan iyo masu soso a ƙirji na 'yan shekara bakwai, a kan fam 4. Abin ya faɗo daidai lokacin yaƙin neman zaɓe, 'yan siyasa suka sa baki, ciki har da David Cameron wanda ya zama Firayim Minista a wata mai bi masa. Primark ya janye kayan, ya nemi gafara, ya kuma ce ribar da ya samu zai ba ƙungiyar taimakon yara. Daga nan gwamnatin Ingila ta sa wani mutum mai suna Reg Bailey, shugaban ƙungiyar iyaye mata ta cocin Angilika, ya binciki al'amarin. Rahotonsa ya fito a watan Yuni na 2011, kuma a daidai lokacin ƙungiyar manyan kantunan ƙasar ta fitar da ƙa'idojin ɗinka tufafin yara 'yan ƙasa da shekara 12.

Faransa ma ta sha irin tata. A 2011 wani kamfani ya yi tallar kayan ciki na yara 'yan shekara 4 zuwa 12 da hotunan yaran an yi musu kwalliyar manya. Wata 'yar majalisar dattawa, Chantal Jouanno, ta rubuta rahoto a 2012, kuma a 2014 doka ta hana gasar sarauniyar kyau ga yaran da ba su kai shekara 13 ba.

Wani zai ce, to Malam, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu kuwa shi ne, abin da Bature ya sa wa 'yarsa bana, mu ne za mu saye shi baɗi. Ingila na cikin ƙasashen da suka fi turo mana gwanjo, kuma ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a Kantamanto ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ne ke shigowa wannan kasuwa kowane mako. Gaskiya ne muna da doka tun 1994 wadda ta hana shigo da kayan ciki na gwanjo, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta ce za ta fara tsananta ta daga farkon 2011. Amma wannan doka don cuta aka yi ta, wato kada a ɗauko mana ƙazantar jikin wani. Ba ta ce komai ba game da sabon kaya na cikin leda, wanda masana'antun Sin ke kwaikwayon ɗinkinsa daga kantunan Turai su turo mana da araha. Can in iyaye suka yi ƙara akwai kanti mai suna da zai ji kunya ya janye kaya. Nan kuwa wa za ka kama? Mai tire? Ita ma dozin ta saro a ɗaure, ba ta zaɓa ba, kuma da ribar za ta ciyar da nata 'ya'yan.

Sai dai fa kada mu yi saurin yanke hukunci, domin abin da Tesco ya faɗa don kare kansa ba shirme ba ne gaba ɗaya. Cewa ya yi an yi rigar ne don ta rufe jikin yarinyar da ta fara girma tana jin kunyar kanta, ba don ta fito da shi ba. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa ƙirjin yarinya kan fara fitowa tsakanin shekara 8 da 13, kuma duk wanda ya faɗa cikin wannan tsakani lafiya lau ne. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya tattara alkaluman ƙasashe da yawa daga 1977 zuwa 2013, ya nuna cewa lokacin farawar yana matsowa da kusan wata uku a kowace shekara goma. Wato 'yar aji huɗu ta yau tana iya buƙatar abin da uwarta ba ta buƙata ba sai da ta ɗan ƙara girma. Wannan kowane malamin firamare ya gan shi da idonsa.

Akwai wata yarinya da na taɓa koyarwa, 'yar shekara goma, wadda babu mai kama ta a gudu duk ajin, maza da mata. Kwatsam sai ta daina fita wasan motsa jiki. Yau ciwon kai, gobe ciwon ciki. Ta koma tafiya a duƙe, tana rungume da jakarta, tana sa rigar sanyi a kan yunifom cikin zafin watan Maris. Na roƙi wata abokiyar aikina, malama dattijuwa, ta ja ta gefe. Ashe jikinta ne ya fara canzawa, uwarta kuma tana fatauci a wata ƙasa, kakarta ce ke riƙon ta. Da malamar ta yi wa tsohuwar bayani, baiwar Allah ta ɗaure kuɗinta a bakin zane ta tafi kasuwa, ta sayo abin da ta tarar a tire daidai jikin yarinyar, wato mai soson nan. Washegari yaran ajin suka lura, aka yi ta zunɗe da dariya, har yarinyar ta yi kwana uku ba ta zo makaranta ba. A ƙarshe malamar ce ta kai ta wurin tela aka ɗinka mata 'yar shara ta auduga guda biyu, mai ninki biyu a gaba. Kafin ƙarshen zangon karatu ta koma filin gudu.

Tun daga wannan lokaci nake auna irin waɗannan kaya da tambaya guda: amfanin wa yake yi? Singileti ko 'yar shara mai kauri tana yi wa yarinya aiki, tana tsotse zufa, tana hana yunifom gogar ta, tana ba ta damar tsalle da gudu ba tare da tunanin kowa ba. Soso kuwa ba ya yi mata aikin komai. Aikinsa shi ne ya nuna wa mai kallo abin da babu shi tukuna. Haka leshi mai ƙaiƙayi a ƙasa mai zafi irin tamu, inda likitoci ke cewa auduga ce ta fi dacewa da fatar yaro. Duk abin da aka ƙara wa tufar yaro wanda ba jikin yaron ke amfana da shi ba, to don idon wani aka ƙara shi, kuma ni ban san wani ido da ya halatta a yi wa 'yar shekara bakwai irin wannan ado dominsa ba.

Maganar rubutu kuwa ta fi damuna, domin a nan ne ake cutar iyayenmu mata da rashin sani. Da yawa daga cikinsu sun sauke Alƙur'ani, suna lissafin kasuwa da ka fiye da ni, amma ba su yi boko ba. Wanda ma ya yi bokon ba lalle ne ya gane zaurancen Turawa ba, don kalma tana iya zama mai tsabta a ƙamus, a bakin 'yan bariki kuma ma'anarta daban. Na taɓa ganin irin wannan a kan igiyar shanya a gidan haya, kayan 'yar shekara shida, rubutun da ko matar aure ba za ta so a karanta mata shi a gaban surukanta ba. Uwar yarinyar mace ce mai kamun kai, ba ta fashin makarantar dare. Launin ne ya burge ta. Uwargidana ce ta je ta raɗa mata, matar ta riƙe baki tana salati.

Yanzu kuma bari in taɓo namu, kada mu ɗora wa Bature da mutumin Sin dukkan kaya. Tun kafin a san Primark, wa ke shafa wa 'yar shekara tara jan baki da hoda da gazal, a ɗaura mata zane a ƙugu, a aza mata tiren ƙosai ko gyaɗa, a tura ta tashar mota? In ka tambaya sai a ce ai don kaya su yi saurin ƙarewa. To su wa ke saye, kuma me ya sa kwalliyar ke sa su saye? Dabarar mai kanti a Landan da dabarar mai tura talla a Zango uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ban ce kwalli da lalle da kitso na ranar Salla laifi ba ne, wannan adon yara ne da muka gada, yarinya tana murna da shi don kanta, tana nuna wa ƙawayenta tafin hannunta. Yanzu ga wayar hannu ta ƙara mana wani: uwa da kanta za ta shirya 'yarta kamar amarya, ta sa ta rawar manya, ta ɗora a TikTok, tana ƙirga masu yabo ba ta san ko su wane ne ba.

Akwai kuma abin da nake so a fahimce ni a kai sosai. Ban ce tufa ce ke jawo wa yaro lalata ba. Mugu mugu ne, kuma yaran da aka cuta da yawansu suna cikin hijabi har ƙasa, wanda ya cuce su kuma sau da yawa na gida ne ko maƙwabci. Dokar yara ta ƙasar nan ta 1998 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma in an taɓa yaro laifin na babba ne ɗungurungum, ko me yaron ya sa. Wanda ya tambayi abin da yarinya ta sa a ranar, ya riga ya fara neman wa mai laifi mafita. Ɓarnar da nake magana a kai daban ce, a cikin kan yarinyar take faruwa. Yarinyar da aka koya wa tun tana aji biyu cewa jikinta abin kallo ne, kuma akwai abin da ya rage mata wanda sai an cika da soso, za ta shigo aji da rabin hankalinta a kan allo, rabi a kan yadda ake ganinta. Ina ganin irinsu. Ka yi tambaya, ta san amsa, amma ba za ta tashi ta je allo ba don kada a kalle ta ta baya.

Mu maza kuma mun iya fakewa da kunya. Mu miƙa kuɗin kayan Salla mu juya baya, mu ce wannan harkar mata ce. Alhali kuwa addinin da ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma bai ɗauke wa uba sanin halin da 'ya'yansa ke ciki ba. Ba sai ka je tire da kanka ba, Malam. Ya isa ka ce wa maiɗakinka, in akwai rubutu a kawo a karanta kafin a saya, in kuma yarinya ta fara girma a gaya maka don ka ƙara kuɗin, domin sau da yawa mai arahar shi ne mai soson, na auduga mai kyau ya fi shi tsada. Wata uwa ta faɗa mini haka a taron iyaye da malamai, ta ce, "Malam, kuna ta faɗa, amma abin da maigida ya bayar shi ya zaɓa mana kayan, ba mu ba."

A makarantarmu dai abin da muka yi shi ne, malamai mata sukan tara 'yan aji huɗu zuwa shida sau ɗaya a kowane zango, ba namiji ko ɗaya a ɗakin, su yi musu bayanin girma da tsabta da irin abin da ya kamata su sa a ƙarƙashin yunifom. Mun kuma yi magana da teloli mata biyu na unguwa, suna ɗinka 'yar shara da ɗan tofi na auduga, in iyaye sun haɗa kuɗi sun sayi yadi tare abin yakan zo da sauƙi. Ɗaya daga cikin telolin ta ce da farko iyaye kunyar kawo awon suke yi, sai su aiko da tsohuwar rigar yarinyar a ƙunshe cikin leda baƙa. Yanzu kuwa uwa da 'yarta suke zuwa tare.