Motar Gwangwani Ba Shara Ba Ce

Iyaye da dama a nan Talaje sun ɗauka yaron da ke tsintar gwangwani da marafan kwalba ƙazanta kawai yake kwasowa gida. Sai a ƙwace a zubar, wani lokaci har da ranƙwashi. Ni da na daɗe ina koyar da ƴan ajin farko, ina roƙon mu sake duban wannan al'amari.

Duk watan Oktoba idan an koma lakwal, tun makon farko nakan gane yaran da suka saba aikin hannu. Yarinyar da ta saba kitsa kaba, riƙon alli ba ya ba ta wuya. Yaron da ya taɓa haɗa mota da gwangwanin madara ya san ƙafafu huɗu sai sun zo daidai, in ba haka ba motar ta karkace. Ya auna, ya ƙirga, abin ya ƙi, ya sake, tun kafin wani malami ya ce masa wannan shi ne lissafi.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun tashi muna gina shanun laka da damina, muna yin motar kara bayan girbi, mata na ɗaura wa ƴar tsana tsumma. Yanzu uwa na cikin aiki, sai ta miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Shirun yakan samu, amma hannun bai koyi komai ba.

Wanda ke ganin abin wasa ne kawai, ya leƙa kasuwar Katako a nan Yamai, ya ga magidanta na narka tsofaffin gwangwanaye suna zuba tukwane, da shi suke ci da iyali. Ya je gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, ya ga maƙera da dukawa a bakin aiki. El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da marafan kwalba yake haɗa manyan ayyukansa, har aka ba shi babbar kyauta a birnin Venis a 2015.

Akwai kuma maganar shara. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana ledoji marasa kauri, amma duk damina muna ganin yadda leda da gorunan roba ke toshe magudanan ruwa. Motar yara ba za ta share unguwa ba. Sai dai yaron da ya saba tambayar kansa "me zan yi da wannan?" ba ya saurin jefarwa a kwata.

Tsoron iyaye yana da dalili, don haka ga sharuɗɗan da nake gindayawa a gidana. Ba tsinta a bola, abin da aka yi amfani da shi a gida ake wankewa a tara a kwali. Ba tsohon batir, ba kwalbar magani, ba mazubin maganin ƙwari, ba ƙarfe mai tsatsa. Yankan gwangwani aikin babba ne. Ƙaro ya isa manni, gawayi da jar ƙasa da ruwan zoɓo sun isa launi. Mai shakka ta fuskar addini ya tuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da ƴan tsana. In har yanzu bai natsu ba, ga gida, ga mota, ga kwalekwale.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan yaro ya kawo muku abin da ya haɗa, kada ku gyara masa. Ku ce ya faɗa muku yadda ya yi, ku saurara har ya gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana su.