Ziyarar Taron Masu Zane A Legas: Ranar Da Ƙawayen Waya Suka Fito Fili

Uwargida, da za a tambaye ki ƙawayen 'yarki na unguwa da na makaranta, na tabbata za ki jero su ɗaya bayan ɗaya har da sunayen iyayensu. To, ina waɗanda ke cikin waya? Su ne take hira da su bayan sallar isha'i, su ne ke fara ganin abin da ta rubuta ko ta zana, alhali ko zauren gidanki ba su taɓa takawa ba. Wannan ne ya sa a wannan wata na ga ya dace in ɗauke ki mu leƙa Legas, wurin wani taro da na halarta a watan Satumba na 2023, ki ga yadda ƙawancen waya yake idan ya fito fili.

Sunan taron Lagos Comic Con, wato baje kolin littattafan zane, irin waɗanda ake ba da labari a cikinsu da hotuna gida-gida, maganar kowa tana cikin ɗan kewaye a saman kansa. Wani marubucin irin waɗannan littattafai mai suna Ayodele Elegba ne ya assasa shi a 2012. Shahararre a cikin irin waɗannan taruka shi ne na birnin San Diyego da ke Amurka, wanda aka fara a 1970, har ya kai yana tara mutum sama da 130,000. Ƙasashen Larabawa ma ba a bar su a baya ba, domin kuwa an yi irinsa a Jidda a 2017.

Za ki ce me ya kai malamar Islamiyya daga Kano irin wannan wuri? 'Yata ce sila. Shekarunta 14 a lokacin, Allah Ya hore mata hannun zane, kuma kusan shekara biyu tana cikin wani zauren WhatsApp na 'yan mata masu wannan sha'awa, a wayata, ina ganin duk abin da ke shiga da fita. Da suka fara ƙulla yadda za su haɗu a taron, sai mahaifinta ya gindaya sharaɗi: da shi da ni za a tafi, kuma duk yarinyar da za a gani sai na fara magana da mahaifiyarta ta bidiyo, fuska da fuska.

Wannan sharaɗi, uwargida, shi ne rariyar da ta tace mana tsaki daga gari. Uwa biyu sun amsa kira cikin murna, ɗaya daga Ilori, ɗaya daga Inugu, muka gaisa, muka ga ɗakunan juna, har ƙananan yara suna leƙowa. Amma akwai wata a zauren da ta fi kowa zaƙin baki, kullum da uzurinta: yau kyamara ta lalace, gobe mahaifiyarta ta yi tafiya. Daga bisani ta turo saƙo cewa ita ba za ta shiga cikin taron ba, a zo a same ta a waje, kuma ba sai an zo da manya ba. Nan take muka sanar da sauran iyaye aka cire lambar. Ban kira kowa mugu ba, amma mai gaskiya ba ya gudun gaida uwar ƙawarsa. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, ka tashi daga sunan Bakano ka sauka a sunan Bakano. Mun sauka gidan dangin maigida a Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafuwa tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa. In kin rufe ido kin ji kiran sallar asuba da hayaniyar masu shayi, sai ki rantse kina Fagge, sai dai zafin nan mai ɗanko da ke manne miki mayafi a jiki ya tuna miki cewa teku na kusa. Ga burodin Agege mai laushi, wanda sunansa ya zaga ƙasa.

An yi taron ne a babban ɗakin taro na Landmark da ke tsibirin Biktoriya, don haka sai da muka yi sammako saboda cunkoson motoci. Hanya ta bi da mu ta doguwar gadar nan ta uku da ta haɗa tudu da tsibiri, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990 zamanin mulkin Janar Babangida. Ruwa dama, ruwa hagu, ga gidajen katako na Makoko a kan turaku, ga masunta a cikin kwale-kwale, ga motocin danfo masu ruwan ɗorawa suna ta tsere. Wadda ta saba da Tiga da Bagauda, ranar ta san ruwa suna ya tara.

Idan kin shiga ɗakin, abin da zai fara dukan ki shi ne sauti da launi. Tebura ne jere kamar rumfunan Kantin Kwari, kowane mai zane yana zaune a bayan littattafansa, ki saya ya sa miki hannu, wani ma ya zana wa yaro abu nan take yana kallo. Can gefe ana gasar wasannin kwamfuta, can kuma ana lacca kan yadda ake mayar da zane ya zama fim. Sai kuma masu shigar kwaikwayo, waɗanda ke ɗinka kayan jaruman da suke so su saka: wannan ya zama Spider-Man, wancan Black Panther, wani kuma Naruto na Japan. Ba zan ɓoye miki ba, akwai shigar da sai kin kawar da kai, akwai kuma littattafan da ba na yara ba ne, shi ya sa ban biya kuɗin ko ɗaya ba sai da na buɗe shi na duba daga farko har ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa uwa ta je da ƙafarta.

Wurin haɗuwa da muka ajiye shi ne bakin ƙofar shiga, da hantsi, a gaban jama'a. 'Yar Ilori ce ta fara hango mu, ta taho a guje, amma kafin ta rungumi ƙawarta sai ta zube gwiwa biyu a gabana irin ta Yarabawa, ta ce da Hausar da ta koyo a zaure, "Mama, sannu da zuwa." Na ɗago ta na ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata." Abin dariya kuma, yaran nan da ba sa gajiya da surutu a waya sai ga su tsaye cirko-cirko, kowacce tana wasa da bakin mayafi ko igiyar jaka. 'Yar Inugu da ta fi kowa barkwanci a rubuce, ashe mai kunya ce ta gaske. Sai da kowacce ta fito da littafin zanenta sannan baki ya buɗe, daga nan kuma ba mu sake jin kunnenmu ba.

Mu ma iyaye muka samu namu rabon. Alhajar Ilori ta zo mana da adire, ni kuma na kai musu kilishi da turaren wuta. Da azahar ta yi muka samu gefe muka shimfiɗa dardumar da na taho da ita, mahaifiyar 'yar Inugu, wadda Kirista ce, ita ta zauna tana tsare mana jakunkuna. A hirarmu na gane cewa tsoron da ya hana ni barci shi ne ya hana su: kowacce tana fargabar wace ce wannan da 'yarta ke yi wa magana a Kano. Ashe mu ma abin tsoro ne a wurin wasu, har sai an gan mu.

Abu ɗaya da ya tsaya mini a rai shi ne labarin Malika, jarumar sarauniya da Roye Okupe ya fitar a littafin zane a 2017, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Madalla da shi, amma a iya zagayen da na yi ban ci karo da littafi ko ɗaya da Hausa ba, alhali muna da Daurama, muna da Gizo da Ƙoƙi. Na san za ki tambayi hukuncin zanen mai rai. Malamai sun yi saɓani a kai: malaman Malikiyya sun bambance tsakanin mutum-mutumi mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda, wanda suka sassauta a kansa, wasu malaman kuwa sun hana duka. Kowane gida ya koma ga malaminsa kafin ya yanke.

Don haka 'yar uwa, ranar da 'yarki ko ɗanki ya zo miki da maganar haɗuwa da abokin waya, kada ki yi saurin fasa ihu ki ƙwace waya, domin abin da aka hana a fili sau da yawa a ɓoye ake yin sa. Kada kuma ki sakar masa linzami. Ki nemi iyayen wancan, ki ga fuskarsu, a haɗu da rana a bainar jama'a, ke ko mahaifinsa kuna tsaye, kuma kada a bayar da adireshin masauki. Wanda ya yarda da wannan, to a karɓe shi hannu biyu, wanda ya noƙe kuwa ya riga ya ba ki amsa. 'Ya'ya amana ce, kuma amanar ba ta tsaya a ƙofar gida ba, ta bi su har cikin waya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa su da abokai nagari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.