Adashin Hajiya da harshen OCaml

Litinin
Hajiya uwar adashin unguwarmu ta Vêdoko ta aiko a kira ni bayan la'asar. Masu zubi sun yi yawa, wasu na kawo sefa a hannu, wasu na turowa ta MoMo, masu fataucin Legas kuma naira suke kawowa. Ta ce, "Ɗana, tunda ka karanta kwamfuta, yi mini abin da zai riƙe lissafin nan." Na ce to, Hajiya. Da OCaml zan rubuta shi, harshen da cibiyar INRIA ta Faransa ta fitar a 1996.

Talata
Abokina ya ce me ya hana ni Python, wanda kowa ya iya a Kwatano? Python ba shi da laifi, amma kuɗin amana ne wannan. A salon fankshanal da OCaml ke bi, kowane aiki yana karɓar abin da aka ba shi, ya mayar da amsa, ba ya taɓa komai a ɓoye. Ka ba shi zubin yau sau ɗari, amsa ɗaya zai ba ka.

Laraba
Na wuni kan littafin Hajiya. Ko layi ɗaya ba ta taɓa gogewa ba. In wata ta biya bashi, sabon layi take ja a ƙasa, tsohon yana nan da jan biro a gefensa. Haka OCaml yake so a yi: adadi in ya zauna ya zauna, sai dai a haifar da sabo daga gare shi. Ranar da rigima ta tashi kan wa ta kwashi adashin watan jiya, duk tarihin yana nan. Wannan kaɗai ya isa mutum ya koyi salon.

Alhamis
Na hau zemijan zuwa Jonquet wajen Kawu mai canji, in ji yadda naira ta kwana. Da dare na ware wa sefa nau'inta, naira nata. Na gwada haɗa sefa jika biyar da naira dubu biyar, sai kwamfaila, manhajar da ke tantance rubutu kafin ya fara aiki, ta ƙi sam. Dole kuɗin ya bi ta aikin canji tukuna. Wallahi na ji daɗi har raina, don irin wannan cakuɗa ce ke raba zumunci a kasuwa.

Juma'a
Bayan masallaci na karanta labarin Erlang, harshen salon fankshanal ne shi ma. Kamfanin Ericsson ya ƙirƙire shi a 1986 don na'urorin tarho, kuma da shi aka gina rumbunan WhatsApp da matan adashin ke tura shaidar biya ta ciki.

Asabar
Na kai wa Hajiya lissafin. Ta sa tabarau, ta bi sunayen da yatsa tana gwadawa da littafinta har ƙarshe, lissafi ya zo daidai. Ta ce in buga mata a takarda kafin zubin gobe, in kuma ƙara gurbin masu jinkiri.