Gidan Baba, sunan wani

A Maradi yau shaidar baki ba ta sayar da gida, ko da unguwa duka ta san naka ne. Mun gane haka lokacin da muka tashi sayar da gidan mahaifinmu a Sabon Gari, Allah ya jiƙansa, don a raba gado.

Dillali ya kawo wani ɗan kasuwa, aka yi ciniki har muka sallama. Sai mai sayen ya ce ko dala ba zai fidda ba sai noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, ya ga takardu. Inna ta buɗe adaka ta ɗauko takardar filin, irin wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, naɗe cikin leda, gara ta ɗan ci gefenta. Lamba na nan, hatimi na nan, amma sunan da ke kai na wanda Baba ya sayi filin a hannunsa ne. A zamaninsu an tafa gaban mai unguwa, an raba goro, an shafa fatiha, shi ke nan. Ba a sauya suna ba.

Mai sunan ya daɗe da rasuwa. Muka bi ƴaƴansa har Tibiri, kuma Allah ya sa mutanen kirki ne, ba su musa ba. Mai shaidar cinikin da ya rage tsoho ne a Jiratawa. Ya ce mana: "Ƴaƴana, a gabana aka ƙirga kuɗin. Amma da kun ƙara jinkiri, sai dai ku tambayi kushewata."

Bayan haka ga takardar mutuwa, ga ta magada daga kotu, ga wakilcin ƙanwata mai aure a Katsina, ga rasit na harajin gida. Kafin mu haɗa su mai saye ya samu wani gida. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, yadda ƴan'uwa suka fara zargin juna ne, wai wani na ɓoye wani abu.

Ban ga laifin Baba ba, lokacinsa amana ta isa. Namu lokacin filaye sun yi tsada, rikici ya yi yawa. Tun 2006 gwamnati ta sauƙaƙa samun takardar mallaka ta dindindin, wadda ake kira Sheda. Mai karatu, in mahaifinka na raye, ka roƙe shi ku buɗe adaka tare ku duba sunan da ke kan takarda, ku gyara tun shaidu na da rai.