Joliet: Gidan Yarin Da Scofield Ya Fasa

IDAN mutum ya bar birnin Shikago na ƙasar Amurka ya nausa kudu maso yamma, tafiyar kamar awa guda a mota, zai iso wani gari da ake kira Joliet, a jihar Illinois. Garin 'yan ƙwadago ne, ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Da can an san shi da fasa dutse da narka ƙarfe, amma babbar masana'antar ƙarfen ta daɗe da rufewa. To a kan wani titi mai suna Collins akwai wani tsohon gini na dutse mai launin ɗorawa, da hasumiyoyi kamar fadar sarakunan Turawa na da, ga doguwar katanga ta kewaye shi. Duk matashin da ya taɓa raba dare gaban talabijin yana canza faifan 'Prison Break', yana roƙon Allah kada a ɗauke wuta, da ya hango katangar nan zai gane ta. Nan ne Fox River.

Sai dai fa babu wani gidan yari mai wannan suna. Marubucin fim ɗin, Paul Scheuring, shi ya ƙirƙire shi. Ainihin wurin shi ne tsohon gidan yarin Joliet, kuma labarinsa ya girmi fim ɗin da kusan shekara ɗari da hamsin.

Ga waɗanda ba su kalla ba (in akwai su), tashar Fox ce ta fara nuna shi a watan Agustan 2005. Labarin wani injiniya ne, Michael Scofield, wanda Wentworth Miller ya fito a matsayinsa. An yanke wa yayansa Lincoln Burrows hukuncin kisa bisa ƙagen ya kashe ɗan'uwan mataimakiyar shugaban ƙasa. Sai gogan naka ya sa aka zane masa taswirar gidan yarin a jikinsa, ya je ya yi fashi a banki da gangan don a kai shi inda yayan yake, ya fitar da shi. Zanen nan kuwa ba na gaske ba ne. Masu kwalliya kan shafe sama da awa huɗu suna manna masa shi idan za a ɗauki sin ɗin da zai tuɓe riga.

An buɗe gidan yarin Joliet a 1858. Abin da zai ba mutum tausayi shi ne, fursunoni ne suka gina shi da hannunsu. An kwaso su daga tsohon kurkukun garin Alton, su suka fasa dutsen a nan kusa, su suka ɗora shi, har katangar ta kai kusan ƙafa 25. Wato mutum ya gina abin da za a kulle shi a ciki. Wanda ya zana tsarin ginin shi ne William Boyington, kuma ya yi shi ne don ya ba da tsoro tun daga nesa. Har yau kuwa yana bayarwa.

Ba a jima ba wurin ya cika ya batse. Zuwa 1872 mutanen da ke ciki sun haura 1,200. Ɗakunan farko faɗin ƙafa 4 ne, tsawon ƙafa 7, kuma a kan cusa mutum biyu a ciki. Mai karatu ya auna da tabarmarsa ya gani. Har zuwa 1910 babu famfo babu masai a ɗakunan, sai bokiti. Nan ma akwai abin lura: duk dabarar Scofield daga bayan masan ɗakinsa ta faro, inda ya kwance shi da wani ƙarfe da ya ciro daga bencin filin shan iska ya goge a ƙasa. Waɗanda suka zauna a gidan shekaru hamsin na farko ko masan da za su kwance ba su da shi!

A 1925 gwamnati ta buɗe sabon gidan yari na Stateville a nan kusa, da niyyar rufe Joliet. Ina! Sai da tsohon ya ƙara shekara 77 yana aiki. A 1975 'yan dabar Shikago da ke tsare sun taɓa ƙwace wani ɓangare na gidan suka yi garkuwa da gandirobobi, har wani fursuna ya rasa ransa. Sai a 2002 aka kwashe mutanen ƙarshe aka sa kwaɗo, saboda ginin ya tsufa kuma kuɗin kula da shi ya yi yawa.

Shekara uku bayan nan 'yan fim suka iso da motocinsu. Ba su ne na farko ba. Tun tuni an ɗauki farkon fim ɗin 'The Blues Brothers', wanda ya fito a 1980, a ƙofar gidan, inda ake sakin John Belushi. Amma su 'yan 'Prison Break' tarewa suka yi. Filin da ake ganin T-Bag yana yawo da yaransa, da ɗakin shan maganin da Dokta Sara ke yi wa Scofield allura, da ɗakin da aka keɓe Lincoln, duk na gaske ne. Shi ya sa fim ɗin ke da wani nauyi da ba a samu a katako da fenti. Tsatsar ƙarfen ta gaske ce, haka tururin da ke fita daga bakin 'yan wasa a lokacin sanyi, don hunturun Illinois ba ya wasa. Furodusoshinmu da ke kama ɗaki guda su rataya sarƙa a ƙofa su ce kurkuku ne, to ga abin da lokeshin ke yi wa fim.

Amma akwai wurin da gaskiyar ta fi ƙarfin kyamara. Babban zauren nan mai hawa uku inda ɗakin Scofield da Sucre yake, gina shi aka yi. Dalili? Ɗakunan ainihi sun yi ƙanƙanta, ba za su ɗauki ɗan wasa da mai kyamara da fitilu ba. Dole aka faɗaɗa. Ashe ƙuncin da 'yan kallo ke gani suna jinjina kai, sassauci ne a kan wanda mutane suka rayu a ciki.

A nan ne ma wasu ke cewa 'Prison Break' bai kai 'Oz' nuna zaman gidan yari ba, kuma suna da hujja. Shi 'Oz', wanda tashar HBO ta nuna daga 1997 zuwa 2003, ba labarin gudu ba ne, labarin waɗanda ba su da inda za su ne, kuma ba kallon yara ba ne sam. A ciki ne Adewale Akinnuoye-Agbaje, haifaffen Landan ɗan asalin Nijeriya, ya fito a Simon Adebisi, mai 'yar hular nan da ke maƙale a gefen kai ba ta faɗuwa. Amma dai 'Oz' a cikin situdiyo aka yi shi. Shi kuma Fox River yana da mutum guda da ya san abin daga ciki: Stacy Keach, wanda ya fito a shugaban gidan yarin, dattijon nan mai haɗa wa matarsa ƙaramin Taj Mahal, ya taɓa yin wata shida a kurkuku a Ingila bayan an kama shi da hodar iblis a 1984.

Da aka gama kashi na farko, mai fitowa 22, mutum takwas suka tsallake katanga, 'yan fim suka tattara suka koma jihar Texas. Joliet ya koma kufai. Ciyawa ta cinye filin, ɓarayi suka yi ta shiga suna kwasar ƙarafa, matasa suka ɓata bango da fenti, gobara ta tashi a 2013 da kuma 2017. Abin dariya, gidan da aka gina don hana mutane fita, sai ga 'yan sanda na fama da masu haurawa su shiga.

Ƙarshe dai hukumar garin ta karɓi hayar wurin daga gwamnatin jiha a ƙarshen 2017, mutanen gari suka fito aikin gayya suka kwashe shara, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 2018 a ƙarƙashin gidan tarihin yankin. Mai ziyara zai sayi tikiti ya shiga filin, ya ga hasumiyoyin gadi, ya ga fentin bango yana ɓarewa, wasu gine-ginen kuma babu rufi tun gobara. Masoya fim ɗin kan nufi inda suka gani a talabijin su ɗauki hoto. A cikin harabar kuma an adana ɗaya daga cikin ɗakunan farko na dutse, mai ƙafa 4 ɗin nan, wanda babban mutum in ya tsaya a tsakiyarsa ba zai iya buɗe hannuwansa biyu ba.