Karnukan Gadi a Inugu da Ciwon da Suke Gada

Wanda ya shigo Inugu ta tsohuwar hanyar da ta gangaro daga Tudun Milikin zai hango garin shimfiɗe a ƙarƙashinsa, tuddai masu jar ƙasa sun yi masa ƙawanya. Kwal ɗin da aka gano a 1909 ne ya kafa shi, layin dogo ya haɗa shi da Fatakwal a 1916, mutanenmu na Arewa kuma suka biyo baya da shanu da awaki. Zaman ya yi ƙarfi har a shekarun 1950 wani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin na farko. Yau mai neman Bahaushe a Inugu sai ya nufi Asata, wajen babban masallacin titin Owerri inda 'yan canji ke zama, ko Gariki ta Awkunanaw, ko karar Ugwuoba a kan hanyar Anacha.

Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu a zango sai ranar Juma'a. Su ne masu gadi. Suna warwatse a Independence Layout da GRA da Trans-Ekulu, kowanne a ɗan ɗakinsa na bakin get, da tabarma da buta da rediyo. Sau da yawa bango ɗaya ne tsakanin ɗakin nan da kejin kare. Maigida ne ya sayi karen, amma maigadi ne ke dafa masa abinci, ya wanke kejin, ya cire masa kaska, ya sake shi da dare. Don haka shi ne farkon mai gane cewa wani abu ba daidai ba.

Wani dattijo daga ƙasar Katsina, da muka haɗu a masallaci, ya kai ni gidan da yake gadi. Karen irin na Jamus ne, wanda 'yan kasuwa ke kira Alseshan, babba, mai kyan kai, bai cika shekara biyu ba. Da aka buɗe kejin bai zabura ba. Ƙafafun gaba ya fara kafawa, ya ɗan jira, sannan ya jawo bayansa a hankali. Ƙirjinsa a cike, cinyoyinsa kuwa sun tsotse. Da ya so ya yi gudu zuwa get sai ya haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle da su tare, ƙugunsa na karkata. Matakala uku ce ta shiga baranda, a ta farko ya tsaya yana kallon dattijon, shi kuma ya zura masa tsohon tawul ta ƙarƙashin ciki ya tallafa masa.

"Baba, buge shi aka yi?" na tambaya.

"Ko kusa, Malam. Tun yana wata bakwai yake wannan tafiyar. Ni na je ɗauko shi, na ga uwar, ita ma haka take."

Bai taɓa shiga aji ba, amma ya faɗi abin da likitocin dabbobi ke faɗa. Gaɓar ƙugu dunƙulallen kan ƙashin cinya ne da ke zaune cikin wani kwarmi. In kwarmin bai yi zurfi ba, ko jijiyoyin da ke riƙe gaɓar sun yi sako-sako, ƙashi na ta gugar ƙashi har amosanin gaɓa ya kama kare tun da ƙuruciya. Ƙiba da saurin girma na ƙara tsananta abin, amma tushensa gado ne, kuma ya fi yawa a manyan karnuka: Alseshan, Rotwaila, Bobul na Afirka ta Kudu, da Kokeshan mai gashi buzu-buzu. Waɗannan su ne dai ake rububin saye don gadi daga Inugu har Fatakwal. Bobul ma yana da nasa ƙarin, fatar ido da ke naɗewa ciki, gashin yana gogar ƙwayar idon dare da rana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da dattijon ya ce ana kawo wa karen nan karya don barbara, ana biyan maigida. Masu kawowa girman kai da faɗin ƙirji suke kallo.

Haka cinikin yake tafiya. Ana tallar 'yan kwikwiyo a Facebook da Instagram da WhatsApp, ko a keji a bakin titi, ana cewa tsantsar jini ne. Mai saye ya duba kaurin dagi da launin gashi ya biya, bai ga uwa ba balle uba. Kwikwiyo ɗan wata biyu kuwa ba ya nuna ciwon ƙugu, sai bayan watanni. Mai kiwo da yawa namiji ɗaya gare shi, tunda shigo da wani daga waje akwai tsada, sai ya riƙa mayar da 'ya ga ubanta, ko ya haɗa 'yan ciki ɗaya. Lissafin masana ya nuna ɗan da aka samu ta irin wannan haɗi, kusan kashi 25 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsa kwafi biyu ne na abu ɗaya daga kaka ɗaya. Cutar da ke ɓoye a jinin zuriya, wadda sai ta zo daga uwa da uba duka take bayyana, nan take samun ƙofa. Wanda ya san yadda AS da AS ke haifar da sikila ya riga ya fahimci ƙa'idar, don dokar gado ɗaya ce a halittun Allah.

Ba a Najeriya matsalar ta fara ba. A 1899 wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar karen Jamus a kan namiji ɗaya da ya saya, aka yi ta haɗa zuriyarsa da juna don siffar ta zauna. Yawancin jinsunan Turai haka aka gina su, aka rufe littafin rajista, jinin waje ba ya shiga. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2021 ya duba jinsi 227, ya samu matsakaicin kusancin jininsu ya doshi wannan kashi 25 ɗin. Su ma can sun sha wuya kafin su gyara. Tun 1965 likitocin dabbobi na Ingila ke ɗaukar hoton ƙugun kare, yau kuma in ya cika shekara suna ba shi maki daga 0 zuwa 106, ƙaramin maki shi ne lafiya. A Amurka an kafa gidauniyar OFA a 1966, ita sai kare ya kai shekara biyu take ba da shaida. Bayan wani shirin BBC na 2008 da ya tona asirin harkar, ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta daina rajistar 'ya'yan uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa, daga 2009. Mu jinsin muka shigo da shi, gwajin muka bar musu.

A karar Ugwuoba na tsaya ina kallon wani dillali yana duba rago. Ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora, ya shafa gadon baya, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, sannan ya sa yaro ya ja shi gaba ya dawo da shi, idonsa a kan ƙafafun baya. Na yanka ne ma wannan. In na iri ne, makiyayi sai ya tambayi garken da ya fito. Ɗan maraƙin da ƙirarsa ba ta yi ba dandaƙe shi ake yi, bunsuru kuma ba a barinsa ya daɗe a kan 'ya'yansa, aro ake yi ko musaya. A kan wannan tunani aka kafa cibiyar jar akuya ta Maraɗi tun shekarun 1960. Mafarautanmu ma, waɗanda ke saukowa har dazukan Ribas, ba sa neman ɗan karyar da ke sarewa a gudu. Ilimin yana hannunmu, ƙyamar kare ce ta hana mu ganin cewa ya shafe shi.

Ƙyamar nan kuwa tana wuce inda addini ya tsaya. An halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma kowane ɗalibin islamiyya ya san labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Dabbar da ke kwana tana tsaron gidan da kake ci a cikinsa tana da haƙƙi a kanka.

Karen gida, ɗan siririn nan mai gajeren gashi, bincike na 2009 a kan karnukan ƙauyukan Afirka ya nuna jininsa ya fi na jinsunan Turai faɗi. Nasa ajalin ciwon hauka ne da tsutsar ciki da gudawar jini, waɗanda allura da magani ke tarewa, kuma cibiyar Vom ta Filato na yin rigakafin haukan. Kokeshan kuwa, da aka yi don sanyin duwatsu, na gan shi a wani gida a Fatakwal kwance kan siminti, harshe waje, yana haki cikin zafi da laima.

Mai son sayen kwikwiyo ya ce a nuna masa uwar tana tafiya, da uban in yana kusa. Ya tambayi dangantakarsu da shekarunsu, ya nemi hoton ƙugunsu da sa hannun likita. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, arewa da Inugu, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, cikin garin ma akwai likitoci masu zaman kansu. Karen da ciwon ya riga ya kama, a rage masa ƙiba, a ba shi maganin raɗaɗi bisa shawarar likita, a fiɗiye shi kada ya yaɗa. Maigadi ba shi da ikon yanke wannan hukunci, amma shi ake aika ɗauko kwikwiyo, shi ke buɗe get in an kawo karya, kuma maigidan da ya yarda da shi a kan makullin gida zai iya sauraronsa in ya ce ya ga uwar tana jan ƙafa.