Akwatin Gwaggo

Kwana uku bayan mun kai Gwaggo makwancinta a Kafanchan, manyan gida suka ce a buɗe akwatinta. Baƙin akwatin ƙarfe ne irin na 'yan makarantar kwana na da, yana ƙarƙashin gadonta tun kafin a haife ni. Muna yara mun sha raɗe-raɗi a kansa. Mun san kowace Kirsimeti 'ya'yanta na aiko mata da turmin atamfa daga Legas da Kaduna, kuma ba mu taɓa ganin ta ɗaura ko ɗaya ba. To ina suke shiga in ba akwati ba? Ba zan ɓoye muku ba, idanuna sun yi jawur don kuka, amma can ƙasan zuciyata ina lissafin ko 'yar Holan nawa za ta faɗo hannuna.

Kwadon ya ci tsatsa, sai da aka sa guduma. Ana ɗaga murfi ƙamshin kafur ya cika ɗaki. Ga zanen Zumuntar Mata guda biyu, ɗaya ya koɗe har rubutun jikinsa ba ya karantuwa. Ga katin baftisma, ga tabarau mai ƙafa ɗaya an ɗaure da zare. Ga Littafin Waƙoƙi bangonsa ya fita, ga Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassarar nan da aka fara bugawa a 1932, gefen shafukansa sun yi baƙi saboda yatsa. Can ƙasa kuma turmi ɗaya tak. Yaya ta ɗauko ta warware shi a bakin taga, sai muka ga haske na ratsowa ta ƙananan huji kamar rariya. Asu ya gama da shi.

Ɗakin ya yi tsit. Sai a lokacin maganganun da muka ji a zaman makoki suka fara dawo mini, waɗanda na ɗauka yabon mamaci ne kawai. Wata mata ta ce zanen da ta shiga majami'a da shi ranar aurenta na Gwaggo ne. Wata ta ce da gobara ta cinye ɗakinta, kafin toka ta huce Gwaggo ta iso da ƙunshi a hamata. Har maƙwabciyarta mai sayar da koko, Musulma, ta zauna tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa kayan fitar sunan 'yarta daga wannan ɗakin suka fito. Ashe duk shekarun nan atamfofin suna yawo a gari, mu ne ba mu gane su ba.

Wanda ya rage ɗin kuwa, babban ɗanta ya shaida shi. Shi ne na ƙarshe da mijinta ya sayo mata kafin ya rasu. Shi kaɗai ta kasa rabuwa da shi, shi kaɗai kuma ya lalace.

Duk wanda ya tashi a ikkilisiya ya san wurin nan a Matiyu sura 6, inda Yesu ya yi gargaɗi game da tara dukiya a inda asu da tsatsa da ɓarawo ke iya kaiwa. Na ji wa'azi a kansa ya fi a ƙirga, ina gyaɗa kai ina duba agogo. Ban taɓa zaton wata rana zan ga tsatsar a jikin kwado, in ga aikin asun a hannun Yaya, duka cikin minti biyar ba.

Kada wani ya ɗauka Gwaggo irin masu ɗaure fuskar nan ce da ke ganin dariya zunubi. Ina! Shayinta sai da cokali uku na sukari. In matan Zumunta suka fara buga tulu ranar godiyar kaka, ita ce ta farko a fili, tana juyi da damin dawa a ka. Tana son tsire, tana son hira har dare. Ta ci daɗin duniya, sai dai ba ta bari duniya ta ci ta ba.

Na taɓa tambayarta ina budurwa, ranar da na ga ta miƙa wa wata yarinya sabon takalmin da aka kawo mata.

"Gwaggo, ke ba kya son abu mai kyau ne?"

"Ina so mana, 'yar nan," ta ce. "Amma ni a tasha na girma."

Gaskiya ta faɗa. Kafanchan garin jirgi ne, tun 1927 nan layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ita kuma ta yi shekaru tana sayar da shinkafa da wake a bakin dogo. Ta ce fasinja iri biyu ta sani. Akwai wanda zai sayi abinci ya ci da daɗi, har ya nemi ƙarin yaji, amma kunnensa na wajen usur. Akwai kuma wanda zai baje kaya, ya cire takalmi, ya shiga cinikin abin da ba ya bukata, sai jirgi ya motsa ka gan shi yana gudu da ƙunshi uku yana zubar da biyu.

"Dukansu sun ci abinci," in ji ta. "Ɗaya ne dai ya tuna shi matafiyi ne."

A wajenta rai madawwami ba labarin ranar jana'iza ba ne. Gida ne da ake jiranta, kuma wanda ya tabbata ana jiransa a gida ba ya kokawa a kan bencin tasha. Daga nan sakin hannunta ya fito, daga nan kuma rawarta ta fito.

Da aka gama rabo, akwatin ne ya zo hannuna, don ba mai so. Na sa masa sabon kwado, na tura shi ƙarƙashin gadona. Makon jiya na jawo shi in zuba kafur, na ƙirga turmi huɗu da na tara a ciki, ba wanda ya taɓa ganin tela. Akwai wata marainiya a ƙungiyar mawaƙanmu da za a ɗaura wa aure ranar Asabar. Na daɗe a durƙushe ina juya su, ina neman wanda na fi rashin so. Daga baya kunya ta kama ni, na zaro wanda na fi so.

Saura uku. Har yanzu ban kai Gwaggo ba, amma na bar kwadon a buɗe.